Tarihin Maganin Kitsen Jini: Daga Zomon Rasha Zuwa Funfunar Shinkafa

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida, na tarar ana ta ja-in-ja tsakanin wani kawuna da iyalinsa a kan wata 'yar ƙwayar magani wadda ba ta fi ƙwayar wake girma ba. An auna jininsa a asibiti, likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, ya rubuta masa magani ya riƙa shan ɗaya kowane dare. Ya sha wata guda, sa'an nan ya jefa kwalin cikin akwati. Da na yi masa magana sai ya ce da ni, "Kai ɗan nan, dube ni da kyau. Ina kitsen yake? Ko tumbi ba ni da shi, kuma babu inda ke yi mini ciwo. A ina ka taɓa jin an sha magani ba ciwo?" Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu," na yi shiru, don ba ni da amsa.

Rashin amsar nan shi ya kai ni laburare da muka komo makaranta. Ni ɗalibin Hausa ne, ba na likitanci ba, saboda haka abin da zan kawo a wannan maƙala tarihi ne: yadda aka yi aka gane wannan kitse, da yadda aka sha wuya, har da hasarar idanu da rayuka, kafin a sami ƙwayar da kawuna ya raina.

Sunan ma abin dubawa ne

Abin da muke kira kitsen jini, masana suna kiransa kolestarol. Wani Bafaranshe mai suna Michel Chevreul shi ya raɗa masa suna cikin 1815, bayan ya yi nazarinsa a cikin tsakuwar da kan fito a maɗaciyar mutum. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ne, ɗaya tana nufin ruwan maɗaciya, ɗayar kuwa abu daskararre. Shi dai Chevreul bai bar duniya ba sai da ya shekara 102.

A ganina fassarar da muka yi wa kalmar tana da hannu a cikin rigimar kawuna. In ka ce wa Bahaushe kitse, abin da zai faɗo masa a rai shi ne farin abin nan da mahauci ke yankewa a jikin nama, ko kuwa teɓar mai ƙiba. Kolestarol kuwa wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma, ba a ganinsa da ido a cikin jini, kuma siriri yana iya fin mai ƙiba yawansa. Har wa yau ba dafi ba ne. Jiki yana bukatarsa wajen gina bangon ƙwayoyin halitta, da yin ruwan maɗaciya, da wasu sinadarai na maza da mata. Mafi yawansa ma ba daga abinci yake zuwa ba, jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman hanta. Ɓarnar tana zuwa ne in ya yi yawa shekara da shekaru, ya riƙa maƙalewa a cikin bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata. Ranar da wurin ya fashe jini ya daskare a kai, in a zuciya ne sai bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki.

Zomaye da mutanen Framingham

Cikin 1910 wani Bajamushe, Adolf Windaus, ya auna jijiyoyin da suka lalace ya ga kolestarol ɗin cikinsu ya ninka na masu lafiya fiye da sau 20. Amma ganin abu a wurin ɓarna bai nuna shi ya yi ɓarnar ba. Wanda ya gwada wannan shi ne Nikolai Anichkov, wani matashin likitan soja a birnin St. Petersburg na Rasha. Cikin 1913 ya riƙa ɗura wa zomaye kolestarol narke cikin mai, da ya feɗe su sai ya ga jijiyoyinsu sun yi irin lalacewar da ake gani a jikin mutane. Maimakon a yaba masa, sai aka ce ai zomo ciyawa yake ci, ba a halicce shi don cin maiƙo ba, kuma da aka gwada a kan karnuka da ɓeraye ba a ga kome ba. Haka aikinsa ya zauna kamar an binne shi har wajen shekara 30 ko fiye.

Abin da ya tada maganar shi ne mutuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya shi ne kan gaba wajen kashe mutane a Amurka. Cikin 1948 gwamnatinsu ta zaɓi wani ƙaramin gari, Framingham, ta ɗebi mutum 5,209 daga cikin mazaunansa, aka riƙa auna su kowace shekara biyu ana jiran a ga wa zai kamu, wa zai tsira. Zuwa 1961 an ga a fili cewa masu hawan jini da masu yawan kolestarol su suka fi faɗuwa. A tsakanin nan kuma, cikin 1950, John Gofman na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa kolestarol ba shi kaɗai yake yawo cikin jini ba, wasu 'yan dunƙule ne ke ɗauke da shi, kuma iri-iri ne. Wanda ake kira LDL shi ne mai kai kaya cikin jijiya ya zube. Shi ya sa har yau in likita ya dubi takardar awon jini, a nan idonsa ya fi tsayawa.

Magungunan farko, da abin kunyar da ya biyo baya

To, an san abokin gaba, saura makami. A nan ne tarihin ya yi muni, kuma wanda ya karanta shi ba zai yi saurin zargin mai tsoron magani ba.

Cikin 1960 kamfanin Richardson-Merrell na Amurka ya fito da wani magani mai suna triparanol, ana sayar da shi da sunan MER/29. Yana rage kolestarol, ba shakka. Sai dai yana tare aikin ne a matakin ƙarshe na ƙera shi, saboda haka wani abu dabam, ɗan'uwan kolestarol ɗin, ya riƙa taruwa a jiki. Mutane suka fara zubar gashi, fata ta lalace, wasu yana ta rufe musu ido. Cikin 1962 aka janye shi, daga baya kuma ta fito fili cewa an yi coge a cikin rahoton gwajin dabbobin da aka miƙa wa hukuma. An kai maganar kotu, an ci kamfanin tara.

Sai kuma clofibrate na wani kamfanin Ingila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada shi a kan maza fiye da 15,000 a biranen Edinburgh da Budapest da Prague. Sakamakon da ya fito cikin 1978 ya ba kowa mamaki: bugun zuciya ya ragu, amma jimillar waɗanda suka mutu cikin masu shan maganin ta fi ta waɗanda ba su sha ba. Akwai kuma cholestyramine, wani gari da ake damawa a sha, wanda masu shansa kan ce kamar yashi yake a baki. Shi ya yi ɗan abin kirki, don gwajin da aka bayyana cikin 1984 a kan maza 3,806 ya nuna ragin ciwon zuciya na wajen kashi 19 cikin 100, amma ba kowa ke iya jure shansa ba. Saboda haka manyan likitoci da yawa, musamman a Ingila, suka tsaya a kan cewa rage kolestarol wahalar banza ce, in ma ba haɗari ba.

Ɗan manomi daga Akita

An haifi Akira Endo cikin 1933 a gidan manoma a lardin Akita, arewacin Jafan. Tun yana yaro yake sha'awar laimar kwaɗi da funfuna, kuma akwai wata laimar kwaɗi a yankinsu mai kashe ƙuda amma ba ta cutar da mutum, wadda ta daɗe tana ba shi mamaki. Da ya shiga Jami'ar Tohoku aikin gona ya karanta, a nan kuma ya ci karo da tarihin Alexander Fleming, wanda ya samo fenisilin daga funfuna. Cikin 1957 ya kama aiki a kamfanin magunguna na Sankyo a Tokiyo. Aikinsa na farko ba shi da dangantaka da zuciya ko kaɗan, wani sinadari ya samo daga funfuna mai tace ruwan 'ya'yan itace.

Daga 1966 zuwa 1968 kamfanin ya tura shi ƙaro ilmi a birnin New York. Can ya ga irin cimar Amurkawa da yadda ciwon zuciya ke ɗauke su. A lokacin kuwa masana, irin su Konrad Bloch da Feodor Lynen waɗanda suka sami lambar Nobel cikin 1964, sun riga sun bi sawun yadda jiki ke ƙera kolestarol, mataki wajen 30, an kuma gane cewa akwai wani mataki tun da wuri wanda shi ne kamar famfon da ke sarrafa aikin duka. In an sami abin da zai murɗa famfon nan, an yi maganin abin tun daga tushe, ba kamar triparanol da ya tare ƙarshen hanya ba.

Tunanin Endo shi ne: funfuna tana yaƙi da sauran ƙananan halittu a kan abinci, wasu daga cikin abokan gabanta kuwa ba su rayuwa sai da maiƙo dangin kolestarol. Ashe ke nan ba mamaki wata funfunar ta tanadi makamin da ke hana su ƙera shi. Cikin 1971 shi da abokan aikinsa suka fara gwada funfuna ɗaya bayan ɗaya, ana renon kowace cikin romo, a tace, a zuba a kan abin da aka tatso daga hantar ɓera a ga ko za ta tsayar da aikin. Sun gwada fiye da 6,000. Ta farko da ta yi aiki sai aka tarar tana lalata ƙoda, aka watsar. Ta biyu ta fito ne daga wata shuɗiyar funfuna da aka samu a jikin shinkafar wani shagon hatsi a Kiyoto. Cikin 1973 suka tace sinadarin, suka sa masa lamba ML-236B, wanda aka sani daga baya da sunan compactin. Shi ne kakan duk magungunan da ake kira statin.

Sai ga cikas. Da aka ba ɓeraye maganin, kolestarol ɗinsu ko gezau bai yi ba. A ƙa'idar kamfani, abin da bai yi aiki a kan ɓera ba ya mutu ke nan. Mai karatu zai lura cewa ɓeran nan dai shi ya kunyata Anichkov shekara 60 kafin wannan. Endo ya ƙi haƙura, ya shafe wajen shekara biyu yana neman dalili, har ya gane cewa hantar ɓera tana rama abin da aka tare ne ta hanyar ninka injin ƙerawar. Cikin 1976 ya sami wani abokin aiki, Noritoshi Kitano, wanda ke da kaji masu ƙwai da aka gama wani gwaji da su. Kaza mai ƙwai tana ƙera kolestarol da yawa saboda gwaiduwa. Aka ba su maganin, cikin wata guda na jininsu ya sauka da wajen rabi. Aka gwada karnuka da birai, su ma haka. Da an yanka kajin nan kafin Endo ya ji labarinsu, Allah kaɗai ya san shekara nawa za a ƙara ana jira.

Mutum na farko da ya sha shi wata yarinya ce 'yar shekara 18 a asibitin Jami'ar Osaka, cikin Fabrairun 1978, a hannun Dokta Akira Yamamoto. Tana da irin cutar nan ta gado wadda kolestarol ke hawa tun ana yara, har ya fito kamar ƙulli a fata. An ba ta da yawa, cikin 'yan makonni tsokokinta suka saki, aka tsayar. Da ta warware aka koma da ɗan kaɗan. Wannan gwaji an yi shi ne cikin kasada irin wadda hukumomin yau ba za su yarda da ita ba, kuma tun ranar farko ya nuna inda aibin maganin yake, watau tsoka.

Cikin 1980 Sankyo ya tsayar da gwajin kwatsam. Labari ya bazu cewa karnukan da aka ba maganin sun kamu da ciwon daji, ko da yake abin da aka ɗura musu ya ninka na mutum sau ɗari da wani abu. Compactin bai taɓa shiga kasuwa ba. Shi kuwa Endo tun ƙarshen 1978 ya bar kamfanin ya koma koyarwa a wata jami'ar aikin gona da fasaha a Tokiyo.

Yadda riba ta koma Amurka

Tun 1976 kamfanin Merck na Amurka ya karɓi samfurin compactin da bayanansa daga Sankyo bisa yarjejeniya. Masanansa, ƙarƙashin Alfred Alberts, suka shiga tasu farautar, suka samo lovastatin daga wata funfunar dabam. Jin labarin karnukan Jafan ya sa su ma suka tsaya cikin 1980. Likitocin da ke da majinyata masu cutar gado, waɗanda ba su da wata makama, su suka matsa har aka koma gwaji, cikin 1987 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin sayar da shi da sunan Mevacor.

Yadda maganin ke aiki kuwa, Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas su suka warware shi. Tun 1973 zuwa 1974 sun gano cewa ƙwayoyin jiki suna da wasu 'yan ƙugiyoyi masu kamo LDL daga jini, masu cutar gado kuwa ƙugiyoyinsu ne suka gaza. In statin ya rage abin da hanta ke ƙerawa, sai ita hantar ta ƙara yawan ƙugiyoyi don ta cike giɓi daga jini, jinin kuwa ya washe. Da an daina shan maganin sai famfo ya sake buɗewa, ƙugiyoyi su ragu, a koma gidan jiya. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a shansa kamar maganin zazzaɓi, a ji sauƙi a ajiye. Sun sami Nobel cikin 1985.

Duk da haka masu shakka ba su sauka ba, kuma suna da hujja, don clofibrate ma ai ya rage kolestarol. Abin da suke tambaya shi ne, ana rage mutuwa? Amsa ta zo cikin 1994 daga ƙasashen arewacin Turai, inda aka ɗebi masu ciwon zuciya 4,444, rabi aka ba su simvastatin, rabi ƙwaya marar magani, aka bi su fiye da shekara 5. Cikin masu ƙwayar banza mutum 256 suka mutu, cikin masu magani 182. Gardamar shekara 80 ta kwanta a kan waɗannan lambobi biyu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, da aka tattara su wuri ɗaya, sun nuna cewa duk ragin ma'auni ɗaya na LDL, watau milimol 1 a lita, yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da wajen kashi ɗaya cikin biyar.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Atorvastatin, wanda kamfanin Pfizer ya sayar da sunan Lipitor, ya kawo fiye da dala miliyan dubu 125 kafin haƙƙin mallakarsa ya ƙare cikin 2011. Ba a rasa wani abin baƙin cikin ba kuma, don cikin 2001 kamfanin Bayer ya janye nasa, cerivastatin, bayan an danganta shi da mutuwar mutum 52 ta hanyar narkewar tsoka. A sauran magungunan wannan cuta ba kasafai take aukuwa ba, amma ciwon jiki da mutane ke kuka da shi ya zama babban dalilin ajiye magani. Wani ɗan gwaji da aka yi a Landan cikin 2020 a kan mutum 60 da suka daina sha saboda haka ya nuna abin mamaki: wajen kashi 90 cikin 100 na damuwar da suke ji, suna jinta ko da ƙwayar banza aka ba su ba su sani ba. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon suna jinsa, sai dai yawancinsa ba daga sinadarin yake ba. An kuma tabbatar maganin yana ɗan ƙara yiwuwar ciwon sukari ga wanda dama yake bakin kamuwa. Auna wannan da wancan aikin likita ne, ba na mai kemis ko maƙwabci ba.

Endo bai ci ribar dukiyar nan ba. An ba shi lambar girma ta Jafan cikin 2006 da ta Lasker cikin 2008, amma Nobel ba ta zo ba har ya rasu ran 5 ga Yuni, 2024, yana da shekara 90. Wani abin dariya, da aka taɓa samun nasa kolestarol ɗin ya hau, motsa jiki ya zaɓa maimakon ƙwayar, ya kuma kare kansa da karin maganarsu na Jafanawa mai nuna cewa marini farin wando yake sawa. Wanda ya taɓa zuwa karofin Ƙofar Mata ba sai an yi masa fassara ba.

Mu kuma fa?

Za a iya cewa duk wannan ciwon Turawa ne da masu cin daɗi, kuma gaskiya ne yawancin manyan gwaje-gwajen ba a kan baƙar fatar Afirka aka yi su ba. Wannan giɓi ne na gaske. Amma akwai binciken da aka yi a gida, mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa. An yi shi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka kwatanta mutum fiye da 2,000 da suka sami shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu masu lafiya. Sakamakon da ya fito cikin 2018 ya sa hawan jini a kan gaba da nisa, rikicewar kitsen jini kuwa tana cikin manyan da ke biye. Cutar da mukan ce iska ce ta bugi mutum, ko an yi masa jifa, sau da yawa a cikin jijiya aka daɗe ana gina ta. Tun 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa simvastatin cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba, kuma ƙarewar haƙƙin mallaka ta sa farashi ya faɗi ƙwarai, ko da yake ga mai neman na tuwo, sayen magani kowane wata har abada ba ƙaramin nauyi ba ne.

Da na sake komawa gida na ba kawuna wannan labari daga zomaye har zuwa kaji. Labarin kajin ya fi ba shi dariya. Sa'an nan ya yi shiru, ya ce gaskiyar magana ƙafafunsa ne suka riƙa yi masa nauyi a watan da ya sha, ga shi kuma kuɗin kwali ɗaya ya kai na kwanon gero da wani abu, bai dai so ya faɗa a gaban yara ba ne. Na ce, "To Kawu, ai wannan likita ya kamata ya ji, ko ya rage maka ko ya sake wani." Ya ce sai bayan an gama girbi. Na roƙi babban ɗansa ya raka shi.